Wa Ya Tsaya Maka? Tarihin Gabatar da Baƙo a Hanyar Boɗinga da Shagari

Hanyar da ta fito daga Sakkwato ta yi kudu maso yamma, ta ratsa Boɗinga da Shagari da Tambuwal kafin ta sauka Jega, ta girmi kwaltar da aka shimfiɗa mata nesa ba kusa ba. Ƙasar da take ratsawa ita ce tsakanin Sakkwato da Gwandu, manyan biranen mulki biyu na daular da jihadin 1804 ya kafa, kuma a nan malamai da jakadu da fatake suka yi ta safa da marwa tsawon ƙarni na 19. Duk wanda ya taso a wancan zamani da niyyar neman ilmi, ko ciniki, ko wata buƙata a fada, ba ya isa inda za shi ya ce ga ni kawai. Sai ya faɗi wanda ya aiko shi, ko ya miƙa takardarsa, ko a sami ɗan gari da zai ce na san shi. A yau 'ya'yan waɗannan garuruwa suna neman aiki da abokan ciniki ta wayar hannu. Ana tura lambar wane ga wane a WhatsApp, ana roƙon aboki ya haɗa mutum da abokinsa a Facebook ko LinkedIn, har wasu na ɗauka cewa dabara ce da intanet ta zo da ita. Al'adar tsohuwa ce, kuma tarihinta yana koyar da abu guda da ya kamata a riƙe: gabatarwa ta yi daraja a da ne saboda mai gabatarwa yana sa wuyansa. Idan baƙonsa ya ci amana, shi ne zai biya, da dukiyarsa ko da mutuncinsa. Duk inda aka cire wannan lamuni, abin da ya rage sanayya ce kawai, kuma sanayya ita kaɗai ba ta taɓa ɗaukar nauyin ciniki ba.

Wurin da ya dace a fara dubawa shi ne zauren malamai, domin daular kanta a can aka haife ta. Bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya tashi daga Gwandu ya zauna Sifawa wajen 1810, yana karantarwa yana rubutu, har zuwa 1815 da ya koma Sakkwato. Ƙanensa Malam Abdullahi ya zauna Boɗinga, kusa da shi ƙwarai. A cikin waɗannan shekaru, a 1812, Abdullahi ya rubuta Ida'un Nusukhi, littafin da ya jera malaman da ya yi karatu a wurinsu da abin da ya karanta a gaban kowane. Mai karatu na yau zai iya ɗaukarsa littafin godiya, amma aikinsa ya wuce haka. A duniyar da babu jami'a mai ba da takardar shaida, malami yana tabbatar da kansa ne da ijaza da silsila: wane ya karantar da ni, shi kuma wane ya karantar da shi. Malam Jibrilu ɗan Umar, malamin Shehu da Abdullahi, ya karɓi ijaza a Alƙahira daga Murtala Zabidi, saboda haka almajirin da ya zauna gaban Shehu a Sifawa yana da igiyar da ta haɗa shi da Masar. Ijaza kuwa ba a ba da ita don kunya, domin almajirin da ya fita ya yi fatawar jahilci sunan malaminsa ya zubar. Tutocin jihadi ma a kan wannan ƙa'ida aka ba da su. Moyijo na Yabo, da Yakubu na Bauchi, da Buba Yero na Gombe, da Modibbo Adama, kowannensu ya koma ƙasarsa da shaidar cewa Shehu ya yarda da shi, kuma abin da ya aikata a can, alheri ko akasinsa, da sunan jama'ar Shehu za a ambace shi.

Da daula ta zauna, sai wannan ɗabi'a ta zama tsarin mulki. Bayan rabon aiki na 1812, gabas tana hannun Muhammadu Bello, yamma tana hannun Abdullahi, kuma masarautun da ke nesa ba sa isa gaban Sarkin Musulmi kai tsaye. Kowace tana da ƙofarta a Sakkwato, wato babban bafade ko ɗan majalisa wanda ta hannunsa wasiƙu da gaisuwa da ƙorafi suke shiga, ta hannunsa kuma amsa take fita. Waziri shi ne ƙofar manyan masarautun gabas irin su Kano da Zazzau da Adamawa, tun daga Giɗaɗo ɗan Laima har zuwa jikansa Buhari. Mai ƙofa yana cin moriyar matsayinsa, amma shi ake tambaya idan masarautar da yake wakilta ta yi tawaye ko ta ƙi aiko da abin da aka saba. Lokacin da Turawan Ingila suka ci Sakkwato a watan Maris na 1903, sun tarar da tarin wasiƙun Larabci a gidan Waziri Buhari, waɗanda H. F. Backwell ya fassara ya buga a 1927. Wasiƙun irin waɗannan suna buɗewa da sunan mai aikowa da na wanda aka aika wa, na sarakuna kuma suna ɗauke da hatimi, sannan manzon da ya kawo su sananne ne a fadar da ya je. Hatimin yana nufin cewa mai shi ba zai iya musun maganarsa gobe ba.

Baƙi biyu daga Turai sun bar mana bayanin yadda wannan tsari yake ga wanda ya zo daga waje. Hugh Clapperton ya iso Sakkwato a watan Maris na 1824 da wasiƙar Shehun Barno Muhammadul Aminu Elkanemi, aka sauke shi a hannun Waziri Giɗaɗo, Bello ya karɓe shi da mutunci. Da ya dawo a 1826, Sakkwato da Barno suna cikin yaƙi, shi kuwa yana ɗauke da wasiƙa da kyaututtuka zuwa ga Elkanemi. Aka karɓe wasiƙar, aka hana shi wucewa, ya rasu a Sakkwato a watan Afrilu na 1827. Sunan da ya buɗe masa ƙofa a zuwan farko shi ya rufe ta a na biyu, domin wanda ya zo da sunan wani ya gaji abokansa da abokan gabansa duka. Heinrich Barth, wanda ake kira Abdulkarim, ya sami takardar aminci daga Sarkin Musulmi Aliyu Babba a 1853, ya bi ta Boɗinga ya isa Gwandu a watan Mayu. A can Sarki Halilu ɗan Abdullahi bai yarda sun haɗu ido da ido ba, komai sai ta hannun 'yan tsakiya, waɗanda suka sa sai da ya ƙara kyauta kafin ya sami takardar da zai ratsa ƙasashen yamma da ita. A Timbuktu kuma ransa ya tsira ne saboda Shehu Ahmadul Bakkayi ya ɗauke shi baƙonsa, ya tsaya masa a gaban masu neman a kore shi ko a kashe shi, har abin ya jawo wa shehin kansa rigima da hukumar Masina. Tafiyar Barth ta nuna fuskokin al'adar guda biyu, ɗan tsakiya mai cin baƙo da mai masauki mai sa kansa cikin haɗari dominsa.

Inda tsarin ya fi bayyana ƙarara shi ne fataucin goro. Goron da ake ci a Sakkwato da Kano da Katsina daga dazuzzukan Ashanti yake fitowa, ana saye a kasuwar Salaga ta ƙasar Gwanja. Ayarin da ya taso daga ƙasar Hausa yakan bi ta Jega ko Yawuri, ya haye Kwara, ya ratsa ƙasar Bargu ta Nikki da Jugu, ya bi Sansanin Mango da Yandi, tafiyar watanni, wani lokaci da mutum dubu ko fiye da jakuna masu yawa. Paul Lovejoy, wanda ya buga bincikensa kan wannan fatauci a 1980, ya nuna cewa Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari ne suka fi riƙe shi. Madugu shi ne shugaban ayari, da jagaba a gaba da uban dawaki a cikin mataimakansa, kuma babban jarinsa shi ne mutanen da ya sani a kan hanya. Shi yake shiga wurin sarkin kowane gari ya daidaita kuɗin fito da na wucewa, shi ya san zangon da ke da ruwa da wanda ke da 'yan fashi. Ƙaramin falke da ya shiga ayari ba ya bukatar ya san Sarkin Nikki, ya isa a ce yana cikin mutanen madugu wane. Sai dai idan ya yi sata ko ya tsokano faɗa a zango, madugun za a kama da magana, ayarin baɗi kuma shi zai sha wahalar abin. Wannan ya sa madugu ba ya ɗaukar wanda bai sani ba sai wani ya kawo shi.

Idan ayari ya sauka, sai aiki ya koma hannun mai gida, wanda ake kuma kira fatoma. Baƙon falke bai san harshen gari ba, bai san farashin yau ba, bai san mai saye na kirki da macuci ba, shi ya sa Bahaushe ya ce da ɗan gari akan ci gari. Mai gida yana ba shi ɗaki da abinci, ya ajiye masa kaya da kuɗi, ya haɗa shi da dillalin da zai nemo mai saye a kan la'ada. Abu mafi muhimmanci shi ne cewa yawancin babban ciniki bashi ne. Mai saye zai ɗauki kaya ya biya bayan kwanaki ko makonni, kuma baƙo ba zai yarda da haka ba sai don mai gidansa ya lamunce. Idan mai saye ya gudu, mai gida ne zai cika. Wannan nauyi ne ya sa shi bin diddigin kowane mai saye a kasuwa, ya san wanda jarinsa ya karye da wanda ya ƙara aure da kuɗin mutane. Falken da aka cuta a gidan wani ba ya zuwa kotu, yana komawa gida ne ya ba da labari, shekara mai zuwa kuma baƙin garinsu su sauka wani gida. Mai gidan da baƙi suka ƙaurace masa ya mutu a sana'a. Polly Hill, wadda ta yi nazarin masu gida da dillalai a kasuwar shanu ta Kumasi ta buga a 1966, ta tarar da wannan tsari yana nan yana aiki bayan zamanin ayari ya wuce.

Fatake sun san muhimmancin rubutu a wannan harka. Imam Umaru, wanda aka haifa a Kano a 1858 daga zuriyar Kabawa, ya tashi cikin fataucin Gwanja tare da mahaifinsa, kuma tun yana saurayi, a 1877, ya rubuta littafin Larabci kan yadda ake tsara wasiƙa. Malami ba zai ɓata tawadarsa a kan wannan ba sai don akwai masu bukata, sarakuna da attajirai da ke aika mutanensu nesa da takarda. Ƙarfin wannan zumunci ya fito fili da yaƙin basasa ya rushe Salaga a 1892. Kasuwa ta watse, amma masu gida da malamai da dillalai suka kwashe sanayyarsu suka koma Kete Karachi da Kintampo da Kumasi, ciniki ya bi su. Imam Umaru kansa a Kete Karachi ya zauna har rasuwarsa a 1934. Haka kuma da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kamfanonin Turawa masu neman gyaɗa ba su san manomi ko ɗaya ba, dole suka nemi 'yan goro da suke da yara da wakilai a ƙauyuka. Alhassan Ɗantata, Ba'agale daga Bebeji wanda ya yi fataucin goro a ƙasar Gana ta yau, ya zama babban mai sayen gyaɗa ta wannan hanya. Kamfani yana ba shi kuɗi, shi yana raba wa yaransa, kowane mataki akwai wanda ya lamunci na ƙasa da shi.

A ƙarni na 20 mutanen ƙasar Sakkwato sun shiga wannan tsari da yawansu ta hanyar cin rani. R. M. Prothero ya ƙirga masu fita daga lardin Sakkwato a ranin 1952 zuwa 1953, ya ga ɗimbinsu suna nufar ƙasar Yarbawa da Gwalkwas. Saurayin da ya bar ƙauyensu a yankin Yabo ko Boɗinga bayan girbi yakan tafi da sunan ɗan garinsu da zai sauka wurinsa, wanda zai kai shi gaban Sarkin Hausawa ko Sarkin Zango, ya nema masa dako ko gadi ko aikin gona. A unguwar Sabo ta Ibadan, wadda aka kafa a 1916, Abner Cohen ya zauna a farkon shekarun 1960 ya ga yadda shanun Arewa suke shiga hannun mahautan Yarbawa bashi, ba takarda ba sa hannu, masu gida suna lamuni. Mahaucin da ya ƙi biyan wani mai gida, sauran ma sukan daina ba shi. Dukiya mai yawa tana yawo tsakanin mutanen da harshensu da garinsu ba ɗaya ba, kuma abin da ya riƙe ta shi ne kowa ya san wanda za a kama idan ta salwanta.

Akwai masu cewa duk wannan ado ne ake yi wa abin da ya hana ƙasar nan ci gaba, wato wa ka sani, da hanya, da alfarma. Maganarsu tana da tushe. Makarantun boko na farko a Arewa 'ya'yan sarakuna da na masu riƙe da gari suka fi shiga, kuma Kwalejin Katsina, wadda ta koma Kaduna a 1938, ta yaye mutanen da suka san juna tun suna yara, su ne kuma suka riƙe mulki. Alhaji Shehu Shagari, ɗan Magajin Shagari da aka haifa a 1925, ya bi ta elementare a Yabo da midil a Sakkwato da Kwalejin Kaduna, ya yi koyarwa, ya shiga Majalisar Wakilai a 1954, ya zama sakataren majalisa na Abubakar Tafawa Ɓalewa a 1958, wanda shi ma tsohon ɗalibin wannan kwaleji ne kuma tsohon malami, kamar Sardauna Ahmadu Bello. Babu mai musun cewa ɗan talakan da bai shiga wannan layi ba ya fara tseren a baya. Amma a lura da inda bambancin yake. Mai gida a Salaga da ya haɗa baƙonsa da ɗan'uwansa mara biyan bashi, daga aljihunsa zai biya, shi ya sa yake zaɓen mai gaskiya ko da bare ne. Babban ma'aikacin da ya cusa ɗan ƙanwarsa a aikin gwamnati ba tare da cancanta ba, ba ya asarar ko kwabo, jama'a ce take biya. Alfarma ita ce gabatarwar da aka ɗora wa wasu nauyinta. Maganinta a ma'aikatun hukuma shi ne jarrabawa a fili da hukunta wanda ya kauce, amma wannan bai zama hujjar zubar da al'adar da ke sa mutum ya amsa laifin wanda ya kawo ba.

Suka ta biyu ta fi nauyi: wa tsarin ya bari a waje? Ayarin goro ya ɗauki bayi a matsayin 'yan dako, ya kuma ɗauke su a matsayin haja, Salaga kuwa kasuwar bayi ce kamar yadda take kasuwar goro. Amanar da ke tsakanin fatake ba ta hana su sayar da mutum ba, kuma duk mai yabon wannan tarihi wajibi ne ya faɗi haka. Mata ma, musamman matan aure da ke cikin kulle, ba su da hanyar zuwa zauren mai gida. Abin lura shi ne yadda aka buɗe musu ƙofa a cikin wannan ƙasa. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta kafa tsarin 'Yan Taru wajen 1840. Ta zaɓi dattijai mata amintattu daga ƙauyuka, ta naɗa kowace jaji ta ba ta malafa, jajin kuma ita ke jagorantar 'yan mata da tsofaffi zuwa wurinta, ta koma da karatu ga waɗanda ba su iya fita ba. Iyaye da mazaje sun yarda ne saboda sun san jajin, Asma'u kuma ta karɓi baƙin da ba ta taɓa gani ba saboda ita ta naɗa wadda ta kawo su. A fagen ciniki dillaliya ce ta yi irin wannan aiki, tana shiga gida gida da kayan wata ta kai wa wata, tana amsa kuɗin da ya maƙale. Wanda ba shi da kowa yana samun shiga ne idan aka ƙara yawan amintattun da za su iya tsaya masa, kuma hakan ba ya faruwa da kansa, sai wani mai iko ko mai ilmi ya ƙudura, kamar yadda Asma'u ta yi.

Wasu kuma za su ce zamani ya wuce wannan. Akwai banki, akwai kotu, akwai takardar makaranta, tun 2014 kuma akwai lambar BVN da ke tantance mai asusu. Gaskiya ne waɗannan sun rage wa mai gida aiki. Falke ba ya bukatar wanda zai ajiye masa kuɗi a ƙarƙashin gado, kuma mai tirelar shanu daga Illela ko Acida yana iya ganin kuɗinsa a waya kafin ya baro Legas. Sai dai lamba tana faɗin ko wane ne mutum, ba ta faɗin halinsa. Ba ta san ko yana cika alkawari ba, ba ta san ko buhun albasar da ya ce babu ruɓa a ciki haka yake ba. Shari'ar bashi a kotu tana iya cin lokaci da kuɗin da ya fi bashin, kaya masu lalacewa kuwa ba sa jira. Shi ya sa har yau mai loda albasa ko tumatir ko raguna zuwa kudu yake aika su ga wani sananne a kasuwar can, shi ya sa ƙungiyoyin 'yan kasuwa da sarakunan Hausawa suke sasanta rigingimun da ba su taɓa isa gaban alƙali ba.

Masana zamantakewa suna da wata hujja da ke kama da kishiyar wannan. Mark Granovetter ya nuna a 1973 cewa mutane sun fi samun labarin aiki daga waɗanda suka sani sama sama fiye da aminansu, domin amini abin da ka sani shi ma ya sani. A 2022 mujallar Science ta buga wani gwaji da aka yi a kan masu amfani da LinkedIn kimanin miliyan 20 cikin shekara biyar, wanda ya nuna cewa sanayya mai matsakaicin nisa ta fi kawo sabon aiki. Wannan bai saɓa wa tarihinmu ba. Mai gida a Kumasi ba ɗan'uwan falken Jega ba ne, sau ɗaya a shekara suke haɗuwa, amfaninsa ma shi ne yana zaune a duniyar da falken bai sani ba. Abin da ya kamata a rarrabe shi ne labari da lamuni. Wanda ka sani daga nesa zai iya gaya maka cewa ana ɗaukar ma'aikata a wuri kaza, ko farashin wake ya tashi a gari kaza, kuma intanet ta sa irin wannan labari ya yi arha ƙwarai. Amma ranar da za a damƙa wa mutum mabuɗin shago, ko a ba shi kayan miliyoyi ya biya daga baya, mai kayan zai nemi wanda zai ce idan ya ɓata ni ne.

A nan ne wayar hannu ta kawo sauyi mai kyau da mai haɗari a lokaci guda. Tun da layukan salula suka fara aiki a Najeriya a 2001, abin da a da yake cin wata uku a hanyar Gwanja ya koma minti ɗaya. Ɗan Shagari da ya gama karatu yana iya isa ga injiniya a Abuja ko ɗan kasuwa a Kwatano ta hannun mutum biyu kacal, yarinyar da ke ɗinki a cikin gida a Boɗinga tana iya samun masu saye a Kaduna. Wannan alheri ne babba, musamman ga waɗanda tsohon tsari ya bari a baya. Haɗarin shi ne gabatarwa ta zama ba ta da tsada. Mutum yana tura lambar wanda ya haɗu da shi sau ɗaya a wani rukunin WhatsApp, ya rubuta ɗan'uwa ne, ka taimaka masa, alhali bai san sana'arsa ba, bai san gidansu ba. Wanda aka tura wa yana karanta saƙon da tsohuwar fahimta, yana zaton an tsaya wa baƙon, mai turawa kuwa a ransa ya dai haɗa su ne. A cikin wannan gibi 'yan damfara suke rayuwa, da alat na bogi da hotunan kayan da babu su da alkawarin aikin da sai an biya kuɗin fom. Idan abu ya ɓaci, mai gabatarwa ya ce ni ma ban san haka yake ba, maganar da babu fatoman da zai faɗe ta a da ya sake ganin baƙo a ƙofarsa.

Gyaran ba ya bukatar komawa zamanin jakuna. Wanda zai haɗa mutum biyu ya fara neman izinin wanda za a kai wa baƙo, kamar yadda ake sallama kafin a shiga zaure. Ya faɗi iyakar saninsa a fili: na yi aiki da shi shekara kaza, ko na san mahaifinsa amma ban taɓa ciniki da shi ba, ko na tsaya masa har kuɗi kaza. Wanda aka gabatar ya san cewa da mutuncin wani yake tafiya, ya koma ya ba da labarin yadda aka ƙare. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na tsofaffin ɗalibai da na ci gaban gari a Boɗinga da Shagari da Yabo, waɗanda yanzu kusan duk suna da rukuni a waya, su riƙa ajiye bayanin wanda ya kawo wa, su ja kunnen mai yawan kawo macuta kamar yadda suke hukunta macucin. Dattawan da Allah ya ba suna kuma su tuna cewa suna yana da zakka: su nemo yaron da ba shi da uwa a gindin murhu, su gwada shi da ƙaramar amana, idan ya riƙe su tsaya masa a babba. Da haka ne ɗan dako ya zama falke a da, yaron gida ya zama mai gida, kuma matasan da ke riƙe da waya a yau ba su da wata hanyar da ta fi wannan tabbas.